Neman abokan wasan kurket daga Kwanar Dangora zuwa Riruwai

Idan aiki ya ɗauke mutum daga garin da ya saba ya kai shi wani, yawancin bukatunsa ba sa wuyar samu. Gidan haya, dillali zai nemo masa kafin mako ya zagayo. Masallaci kuwa ladan ne zai nuna masa shi tun asubahin farko. Mai shayi da mai wanki da guga da mai gyaran babur, su ne ma za su neme shi. Abin da ba shi da dillali shi ne abokan wasa. Wanda wasansa ƙwallon ƙafa ne da sauƙi, domin duk ƙauyen da ya sauka a ƙasar Hausa, da an idar da sallar La'asar zai hangi ƙura tana tashi a bayan gari. Ni kuwa wasana kurket ne, kuma aikin malamin gona ya ɗauko ni daga Kaduna ya dire ni a kudancin Jihar Kano, inda nake zirga-zirga tsakanin ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa.

Ga mai karatun da bai san wasan ba, mutum 11 ne a kowane ɓangare. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa mai tsawon yadi 22 wanda aka daɓe ya yi sumul, an kafa turaka uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa zai sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo mai tauri kamar goruba, ta daki ƙasa ta taso, burinsa ya kayar da turakan. Mai bugu yana tsaye a gabansu da faffaɗar sanda yana kare su, in ya samu dama ya maka ƙwallon nesa, shi da abokinsa su yi ta musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. Ragowar abokan mai jifa sun watsu a fili suna jiran cafe. Shekara 11 na yi ina wannan wasa a Kaduna, a wata ƙungiya da ta haɗa malaman makaranta da ma'aikatan banki da ɗalibai da wani tela.

Na kama ɗaki kusa da Kwanar Dangora, saboda nan ne mararrabar yankin. Babban titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta, daga nan kuma ake karya kwana zuwa Tudun Wada da dajin Falgore, a wuce Doguwa a nufi Saminaka da Jos. Wuri ne da ba ya barci. Manyan motoci na tsaye ana loda masara, masu tsire da balangu na fifita wuta, yara na bin tagogin motoci da rake da gyaɗa. A teburin wani mai shayi na fara cigiya. Da na ambaci kurket sai aka yi shiru, kowa na kallon na kusa da shi, har wani matashi ɗan acaɓa ya tafa hannu ya ce, “Yallaɓai, ba wasan nan ba ne na fim ɗin Indiya, wanda ƙauyawa suka buga da Turawa don a yafe musu haraji?” Lagaan yake nufi, fim ɗin Aamir Khan na 2001. Nan take teburin ya kaure da labari. Ashe kusan kowa ya kalla, wasu har sau uku. Sun san wanda ya ci amanar gari a fim ɗin, sun san wanda ya yi bugun ƙarshe. Abin da ba su taɓa ji ba shi ne cewa ana buga wasan a Najeriya, balle a ce ƙasar tana da ƙungiyar da ke fita waje da sunanta.

Tunda babu kurket, sai na ce bari in laɓa da ƙwallon ƙafa, kada jiki ya mutu. Ƙungiyoyi kam ba a magana. Daga Kafin Maiyaki zuwa Yako zuwa cikin garin Kiru, da wuya ka sami unguwar da ba ta da tata, wasu da sunan unguwa, wasu da sunan kulob ɗin Turai da suke kallo a gidan kallo, wasu da sunan mai gidan da ya saya musu riguna. A nan na fahimci cewa samun ƙungiya daban, samun wadda ta dace da kai daban. Ta farko da na gwada, samari ne 'yan shekara 18 zuwa 22, kowannensu na mafarkin Kano Pillars ta gan shi, ya bi sawun Ahmed Musa. Sun karɓe ni da girmamawa, har ba mai yarda ya sa mini ƙafa, kuma ba abin da ke saurin tsufar da mutum a fili kamar a riƙa kauce masa. Ta biyu ta magidanta ce, masu fitowa da safiyar Lahadi. Da su jikina ya fi daidai, sai dai rigunansu na ɗauke da hoton wani ɗan takara, kuma ma'aikacin da ke raba wa manoman kowace jam'iyya iri da shawara bai kamata a gan shi da hoton kowa a ƙirji ba. Na yi musu godiya na janye.

Bebeji ce ta sa na fara tunanin tarihin abin. A ƙarshen watan Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya za ta ci Kano, kuma a Bebeji ta fara gamuwa da turjiya. Mutanen garin suka rufe ƙofa, Turawa suka fasa ta da igwa, aka kashe sarkin garin da jama'a da dama, bayan kwana biyu Kano ta faɗi, ranar 3 ga Fabrairu. Wato mutanen da suka kawo kurket ƙasar nan ta Bebeji suka bi suka shiga Kano. Sun bar wa yankin haraji, sun bar masa awon gyaɗa. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji, da cinikin gyaɗar nan ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Amma wasansu ba su bar shi a nan ba. Sun ajiye shi a kulob-kulob ɗinsu na bariki, da kuma 'yan makarantun da suka ware don horar da waɗanda za su riƙe musu mulki. A Legas, tun 1904 aka kara tsakanin 'yan wasan can da na ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A Arewa kuwa gidan kurket shi ne Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta zauna a Zariya ta zama Barewa. A can aka koya wa ɗalibai kurket tare da ƙwallon bango na tafin hannu, wasan da Sardauna ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Ɗan talakan Gwarmai ko na Rahama da bai shiga irin wannan makaranta ba, ko ta saman katanga bai leƙa ba.

Na ɗan sa rai da Bagauda, inda reshen Kano na makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa yake, a harabar tsohon otal ɗin bakin tafki. Ɗalibai na zuwa daga ko'ina, har daga Legas da Benin inda kurket ke da rai. Amma wanda ya zo zaman da bai kai shekara ba, da jarrabawa a gabansa kamar dutse, ba da shi ake kafa ƙungiya ba. Daga nan na ƙarasa Tiga, na tsaya a kan madatsar da gwamnatin Audu Bako ta gina, aka kammala a 1974. Ruwa ne iya ganinka, masunta na jan koma, ga otal ɗin da aka ɗora bisa dutse yana kallonsu. Mutanen da suka tsara wannan wuri sun yi tunanin Kano mai shaƙatawa da wasanni da baƙi daga nesa. Ruwan dai yana aikinsa, yana shayar da gonakin Kadawa da Kura. Ragowar mafarkin kuwa ya fi kama da rigar da aka ɗinka wa yaro ba a sa masa ba har ya girme ta.

Abin da na je nema a makarantun manya, a gonar shinkafa na same shi. Tudun Wadan Dankadai ƙasar noma ce ta gaske, shinkafa da masara, kuma idan shinkafa ta fara nuna tsuntsaye kan sauko mata kamar hadari. Sai a tura yara tsaro tun da sassafe, kowa da majajjawarsa da gwangwanin kaɗawa. Wata rana ina duba wata gona a wajen Yaryasa, na ga wani yaro da bai wuce shekara 14 ba ya ajiye majajjawa, ya ɗauki hoge da hannu, ya yi taku uku ya wurga. Hannun ya zagayo ta saman kai a miƙe, kafaɗa ta juya, ƙafar gaba ta kafe. A Kaduna mukan shafe wata shida muna koya wa ɗan birni wannan juyi, shi kuwa tsuntsu ya koya masa kyauta. Na ce ya sake. Ya dube ni kamar mai tababar hankalina, ya sake, hogen ya fashe a jikin kututturen da na nuna masa.

Daga ranar na bar cigiyar ƙungiya, na koma cigiyar fili. Wani shugaban makarantar firamare da ke bakin hanya ya ba mu aron nasu, da sharaɗin kada a fasa masa taga. Na ce ya kwantar da hankalinsa, domin ba da ƙwallon fata za mu fara ba. Dabarar mutanen Pakistan na ara: a samu ƙwallon tanis a naɗe ta tam da salatif ɗin masu gyaran wuta, sai ta yi nauyi ta yi gudu, amma ba ta karya yatsa, ba ta bukatar makarin ƙwauri ko hular kwano. Da irin wannan ƙwallo yaran lungunan Karachi da Lahore suke tashi, kuma ƙasarsu ta ɗauki kofin duniya a 1992 ƙarƙashin Imran Khan. 'Yan Afghanistan a sansanonin gudun hijira na Pakistan suka koyi wasan, ga shi a 2024 sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta gajeren zango. Na kan kawo waɗannan misalai duk lokacin da wani dattijo ya ce mini wannan ai wasan Nasara ne. Ƙwallon ƙafa ma ai ba a Dala aka haife ta ba.

Sanda ita ce matsala ta biyu. Ta ainihi da wani icce mai sauƙin nauyi ake yin ta, wanda ke fitowa a Ingila da Kashmir, kuma kuɗin guda ɗaya mai kyau zai sayi ƙwallon ƙafa da za ta ishi unguwa shekara. Wani kafinta a Tudun Wada ya juya tawa a hannu, ya auna ta da zare, ya fafe mana guda uku da katakon da yake da shi. Sun fi nauyi, suna girgiza hannu in ƙwallo ta daki gefe, amma suna bugu. Turaka kuwa guntayen sandunan dalbejiya ne.

Akwai wahalar da kafinta ba ya maganinta, ita ce lokaci. Wasan yamma a ƙasarmu tsakanin La'asar da Magariba yake, abin da bai fi awa biyu ba, da hunturu ma bai kai ba. Ƙwallon ƙafa ta shige wannan tsakani kamar an auna ta da shi. Kurket kuwa mafi gajarta da ake bugawa a gasar duniya yana cin wajen awa uku, na asali har kwana biyar. Ina ganin wannan dalili ya fi tsadar kaya ƙarfi wajen hana wasan yaɗuwa a tsakaninmu, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Mu dai muka yanke shi daidai rigarmu: kowane ɓangare zagaye takwas, kowane zagaye jifa shida, a tashi kafin ladan ya yi gyaran murya. Da damina kuma babu zancen wasa, kowa na gona, ƙasa ta jiƙe. Amma daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓen ɗaki, yankin nan kaf filin kurket ne da Allah ya shimfiɗa. Kuma lokacin ne samarin da ba su da gonar rani ba su da abin yi, lokacin da masu sayar da ƙwaya da masu neman 'yan banga suka fi samun kasuwa. Ba na cewa sanda da ƙwallo za su raba matashi da wannan. Na dai lura cewa wanda aka ba amanar rubuta maki ko ajiyar kaya yakan zo da wuri, idonsa garau.

Hanyar Doguwa ta cikin Falgore take bi, dajin da ya kusa murabba'in kilomita 1,000, wanda a da ake kira gandun Kogin Kano. Shekarun baya direbobi ba sa shigarsa sai sun taru, saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu. Yanzu akwai sojoji, amma har gobe da mota ta shiga sai hira ta ragu, kowa ya koma salati. Da an fita sai ƙasa ta sauya. Duwatsu su taso, iska ta yi sanyi, bishiyoyi su ƙara tsawo, ka rantse ba a Jihar Kano kake ba. Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar, tana zaune a cikin duwatsun nan, kuma tun kafin zuwan Turawa mutanenta ke haƙo kuza suna narkawa. Fili mai faɗi da shimfiɗa yana da wuya a can, shi ya sa ban je da niyyar wasa ba.

Amma a can na gamu da mutum na farko a yankin da ya san abin da ke cikin jakata ba tare da na buɗe baki ba. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, yana zaune a ƙofar gida bisa buzu. Ya ga ƙotar sandar ta leƙo daga jakar da ke ɗaure a babur, ya yafito ni. Bayan mun gaisa ya ce in miƙo masa. Ya tashi da ƙyar, ya gyara tsayuwa, ƙafa a ware, gwiwar hannun hagu a sama, ya tura sandar gaba a hankali kamar mai tare ƙwallon da shi kaɗai yake gani.

Na ce, “Baba, ashe ku ne manyanmu.”

Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, rabona da riƙe wannan tun ina kwalejin horon malamai. Kai a ina ka samo ta?”

Muka zauna har rana ta karkata. Ra'ayinsa shi ne, ba talauci ne ya kashe kurket a makarantun Arewa ba, domin a zamaninsu ma ba wadata aka yi ba. A cewarsa, kowace makarantar kwana tana da malamin wasanni da ɗakin ajiyar kaya da jadawali, kuma fita fili da yamma wajibi ne kamar shiga aji. Da ɗalibai suka yi yawa, kuɗi suka ragu, sai aka fara da sallamar abin da ba a jarrabawa a kansa. Ƙwallon ƙafa ta tsira saboda ba ta bukatar malami. Na ce masa ai yanzu abin na farfaɗowa: samarin Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, lokacin da Farfesa Yahaya Ukwenya na Zariya ke shugabantar hukumar kurket ta ƙasa, kuma a Janairun 2025 'yan matanmu sun doke New Zealand da maki biyu a gasar duniya a Malesiya. Ya jinjina kai, ya tambaye ni ko akwai 'yar Kano ta Kudu a cikinsu. Da ya ga na yi shiru sai ya miƙo mini sandata.

Tambayarsa ta bi ni har gida, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Masu kula da wasanni a jiha da tarayya, idan sun tashi yaɗa wasa, a birni suke tsayawa, inda fili ya yi ƙaranci kuma yara ke da abin shagala iri-iri. Ga makarantun kwana da na jeka-ka-dawo birjik daga Kiru zuwa Doguwa, da filaye, da yaran da hannunsu ya riga ya iya jifa. Abin da ake bukata bai wuce a horar da malami ɗaya a kowace makaranta ba, a ba shi jaka guda ta kaya, a sa ranar da makarantu za su kara. Wata malama a makarantar da muke wasa ta ƙara mini wata hujjar da ban yi tunaninta ba. Ta ce tunda da dogon wando da riga mai hannu ake yin kurket, kuma ba a cakuɗa jiki, iyaye da yawa da ba za su bar 'ya'yansu mata su buga ƙwallon ƙafa ba za su iya yarda da wannan. Yanzu haka tana da 'yan mata tara da take fitowa da su ranar Alhamis, da hijabansu, kuma biyu daga cikinsu sun fi yayyensu maza iya cafe.

Filin kansa ba shi da tabbas. A gefen da ke kallon titi an riga an yanka an gina shaguna shida, kuma ana raɗe-raɗin za a ƙara wani layin. Duk wanda ya bi titunan jihar nan ya san wannan ba labarin makaranta ɗaya ba ne. In aka ƙara layin, duk bugun da ya yi dama zai faɗa kan kwanon wani mai shago, daga nan kuma sai ƙara wajen mai unguwa.

A halin yanzu mu 16 ne. Akwai yaron gonar shinkafa, wanda sai da na je har gida na roƙi mahaifinsa. Akwai kafinta, wanda ya ce ba zai fafe abin da bai san amfaninsa ba. Akwai malamai biyu, da ɗan acaɓan Kwanar Dangora da ke tahowa duk Asabar a kan mansa, da wani bafulatani matashi da ke riƙe sanda kamar da ita aka haife shi. Ba mu taɓa karawa da kowa ba, domin abokan karawa mafi kusa suna birnin Kano ko Zariya, kuma kuɗin motar mutum 16 ba wasa ba ne. Tsofaffin abokaina na Kaduna sun yi alkawarin cika bas su zo mana da kansu, su kawo ƙwallon fata da makarai, yaran su ji yadda ta ainihi take a hannu. Mun tsayar da Asabar ta biyu bayan an gama girbi. Kafin nan sai mun yayyafa wa zirin ruwa mun daɓe shi da gangar ƙarfe cike da yashi, kuma hakan ba zai yiwu ba sai matan unguwa sun kwashe shanyar shinkafarsu, wadda a yanzu ta rufe filin tun daga bakin ajin farko har gindin mangwaro.